Kamfanin inshorar lafiya ya yi mini tayin aiki, amma raina bai kwanta ba

Assalamu alaikum Anti. Daga Amurka nake rubuto miki. Ni mataimakiyar likita ce, abin da a nan ake ce wa PA, kuma na daɗe ina aiki a sashen gaggawa na wani asibiti. Awa goma sha biyu nake yi a tsaye, wani mako dare wani mako rana, ga yara biyu ƙanana. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Kwanan nan wani kamfanin inshorar lafiya ya yi mini tayin aiki a sashensu na kula da marasa lafiya masu cututtuka da yawa a jiki ɗaya. Litinin zuwa Juma'a, babu aikin dare, wasu ranakun daga gida zan yi, wasu na ziyarci marasa lafiya a gidajensu, kuma albashin bai gaza na yanzu ba. Amma wata abokiyar aikina ta ce zan koma cikin mutanen da muke yini muna sa-in-sa da su a waya don su yarda a yi wa mara lafiya hoto ko tiyata. Mahaifina daga gida ya ce shi bai natsu da kuɗin inshora ba. Maigidana ya ce na karɓa kawai na huta. Ni kuma ina tsoron kada hannuna ya mutu, ga bashin karatu ban gama biya ba. Me kike gani?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa aikinki albarka, ya raya miki yaran.

Kada ki ji kunyar wannan gajiyar. Mace mai yara biyu da ke kwana a tsaye a sashen gaggawa tana da haƙƙin neman aikin da zai bar ta ta yi wa 'ya'yanta wanka da dare. Ra'ayina ya fi karkata ga ki karɓa. Sai dai ba zan ce ki sa hannu gobe ba, domin a ƙarƙashin sunan nan guda ɗaya da suka ba ki akwai ayyuka daban-daban, kuma wasiƙarki ba ta nuna mini kin san wanne aka miƙo miki ba. Ɗaya daga cikinsu aikin lafiya ne na gaske, wataƙila ma ya fi wanda kike yi yanzu zurfi. Sauran kuwa suna iya mayar da ke abin da abokiyarki take tsoro.

Ki fara tambayar kanki: me kamfanin inshora zai yi da mai duba marasa lafiya? Lissafi ne. A Amurka, kusan kashi 5 cikin 100 na mutane su ke cinye kusan rabin duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya. Kin san su, su ne fuskokin da kike gani wata bayan wata a sashenku. Sannan fiye da rabin waɗanda suka cancanta a ƙarƙashin Medicare, tsarin gwamnati na masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu nakasa, yanzu suna cikin Medicare Advantage ne, inda gwamnati ke biyan kamfani wani adadi a kan kowane mutum duk wata, shi kuma kamfanin ya ɗauki nauyin jinyarsa. Haka jihohi da yawa suke yi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. Idan an kwantar da mutum a asibiti, daga aljihun kamfani kuɗin zai fita. Idan ya zauna a gidansa lafiya, kuɗin ya rage musu. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin Medicare da aka sallama daga asibiti suna komawa gado kafin kwana 30. Wannan komawar ce kamfani yake son tsayarwa, kuma shi ya sa yake neman irinki.

A wannan gaɓar, abin da kamfani yake so da abin da mara lafiya yake so sun zo ɗaya. Babu tsohuwar da ke sha'awar a ɗauke ta a motar asibiti ƙarfe uku na dare. Ki ɗauki dattijuwa mai ciwon zuciya, mai ciwon suga, ƙodarta ta fara rauni, likitoci huɗu suna rubuta mata magani, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta. A sashen gaggawa za ki gan ta da kumburarrun ƙafafu tana haki, ki ba ta maganin fitar da ruwa, a hau da ita sama, shi ke nan kun rabu sai wani jiƙon. A gidanta kuwa za ki zazzage ledar magungunanta a kan tebur ki tarar tana shan magani ɗaya sau biyu saboda kwalaben suna ɗauke da sunaye daban. Za ki buɗe kabad ki ga miyar gwangwani cike da gishiri, domin ba ta iya tsayuwar girki. Za ki gane cewa ba taurin kai ne ya hana ta zuwa ganin likitan ƙoda ba, ɗanta ne da ke kai ta ya koma aikin safe. Za ki ga ma'aunin nauyi a ƙarƙashin gado ba batir. Duk wannan ba ya fitowa a gwajin jini, kuma shi ne yake dawo da ita hannunku. Wanda ya iya gyara waɗannan, ya daidaita magani, ya haɗa ta da nas da mai haɗa magunguna da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ya zauna da iyalinta su tattauna abin da take so idan ciwo ya yi tsanani, magani yake yi a cikakkiyar ma'anarsa. Aikinku ma da irin wannan niyya aka kafa shi. Lokacin da Dakta Eugene Stead ya buɗe ajin farko na horar da PA a Jami'ar Duke a 1965 da tsoffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, damuwarsa ita ce mutanen da likita ba ya isa gare su. Tsohuwar da ta kasa sauka daga bene tana cikin waɗannan mutanen.

Amma ki shiga da idonki a buɗe, don ba kowane ƙoƙari ne yake haifar da abin da ake fata ba. A garin Camden na jihar New Jersey, Dakta Jeffrey Brenner da ƙungiyarsa sun yi suna wajen bin marasa lafiyar da suka fi kowa kwanciya asibiti har gidajensu. Da suka yarda aka gwada tsarin nasu a kan mutum 800, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka bi da waɗanda ba a bi ba, kusan kashi 62 cikin 100 na kowane ɓangare sun koma asibiti cikin wata shida. Ina girmama su da suka bari aka auna su. Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, talauci da rashin muhalli da shaye-shaye da kaɗaici ba sa warkewa da ziyarar wata uku. Za ki yi wa wasu iya ƙoƙarinki su koma asibiti, wasu su rasu. Gajiyar wannan aikin ba a ƙafa take ba, a zuciya take, domin za ki san sunayen jikokinsu. Idan kuma kamfani ya ɗaura darajarki a kan adadin waɗanda ba su koma asibiti ba kawai, za ki ɗauki laifin abin da ba ke kika haifar ba.

Yanzu ga inda hanya take rabuwa. Kuɗin da gwamnati ke biyan kamfani a kan mutum yana ƙaruwa gwargwadon yawa da nauyin cututtukan da aka rubuta masa. Asalin tsarin adalci ne, don kada kamfanoni su guji masu ciwo mai tsanani. Sai dai ya buɗe ƙofar aiki na biyu, wanda shi ma ake yi wa ado da sunan kula da marasa lafiya a gida: a tura PA ko nas mai lasisin rubuta magani ta je gidan mutum sau ɗaya a shekara, ta yi awa guda tana cike tambayoyi a kwamfuta, ta lissafo cututtuka, ta tafi ba ta sake dawowa ba. Ba ta canza magani, ba ta bin diddigi. Ofishin Sufeto Janar na Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ya fitar da rahoto a 2024 inda ya ƙiyasta cewa an biya kamfanoni kimanin dala biliyan 7.5 a 2023 a kan cututtukan da ba su bayyana a ko'ina ba sai a irin wannan tantancewar da bitar takardun da ke da alaƙa da ita, ba tare da wata shaidar an yi wa mutanen maganinsu ba. Ko dai cutar babu ita, ko kuma tana nan aka gano aka watsar da mai ita. Duka biyun ba abin da za ki so sunanki ya hau ba ne.

A nan nake so ki tsaya da kyau. Rubuta cutar da mutum yake da ita da gaske ba laifi ba ne, wajibi ne ma. Matsalar tana farawa ranar da manhaja ta haska miki wata cuta ta ce ki tabbatar, ke kuma ba ki ga alamarta ba, shugabarki kuma ta kira ta ce makinki ya yi ƙasa da na sauran. Lasisin da ke aljihunki hukumar jiharki ce ta ba ki, ba kamfani ba. Dokar tarayya da ke hukunta karɓar kuɗin gwamnati da bayanan ƙarya tana nan tun 1863, kuma ba kamfani kaɗai take iya kamawa ba, tana iya isa ga wanda ya sa hannu a takarda. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Ranar da aka zo bincike, kamfani yana da lauyoyinsa, ke kuwa sunanki ne a ƙasan shafin.

Aiki na uku shi ne wanda abokiyarki take nufi, wato zama a duba buƙatun da likitoci suka aiko a ce an amince ko ba a amince ba. Fushinta yana da tushe. Wannan ofishin Sufeto Janar ɗin ya gano a rahotonsa na 2022 cewa kashi 13 cikin 100 na buƙatun neman izini da manyan kamfanonin Medicare Advantage suka ƙi, sun cika ƙa'idojin Medicare, da a tsohon tsari ne, inda gwamnati ke biyan kuɗin jinya kai tsaye, da an biya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, alƙaluman shekarun baya-bayan nan sun nuna kusan ɗaya cikin goma ne kawai na waɗanda aka ƙi suke ɗaukaka ƙara, alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka ɗaukaka ana sauya musu hukuncin. Mutane suna haƙura ne don ba su da mai tsaya musu. Ba na cewa duk mai wannan aikin azzalumi ne, akwai gwaje-gwaje da tiyatocin da rashin yin su ya fi alheri. Amma ba shi kika ce an yi miki tayi ba, kuma ki tabbatar ba za a liƙa miki shi daga baya ba. Idan kuwa aikin farko ne, ki gaya wa abokiyarki cewa za ta samu wadda za ta kira a cikin gidan, wadda ta san mara lafiyar, ta san kuma ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

To ta yaya za ki bambance? Ba daga takardar talla ba, domin duka ukun kalmomi iri ɗaya suke amfani da su. Ki nemi a sake zama da wadda za ta zama shugabarki, ki tambaye ta kai tsaye: marasa lafiya nawa ne za su zama nawa, kuma sau nawa zan ga kowannensu a shekara? Idan amsar ita ce kullum sababbin fuskoki, kin gane. Ki tambaya ko za ki rubuta magani ki canza shi, ko shawara kawai za ki aika wa likitan mutum ki jira. Ki tambayi wane likita ne abokin aikinki a takarda kamar yadda dokar jiharki ta tanada, kuma idan kika kira shi daga falon mara lafiya ƙarfe huɗu na yamma zai ɗauka? Ki ce a nuna miki a rubuce abin da ake aunawa kafin a ba da kuɗin ƙari. Idan sarrafa hawan jini da suga da ziyarar mutum cikin mako guda bayan sallama ne, madalla. Idan yawan cututtukan da kika rubuta ne, ko yawan gidajen da kika shiga a yini, ki yi musu godiya ki tashi. Sannan tambayar da na fi ba muhimmanci: idan na ga mara lafiyata tana buƙatar abin da kamfani ya ƙi biya, wa zan kai wa magana, kuma an taɓa sauya hukunci saboda wani a kujerata ya yi magana? Ki lura da fuskarta lokacin da take amsawa. Daga nan ki roƙa a haɗa ki da PA ɗaya da ke aikin yanzu ku yi magana ku biyu, ki kuma nemi wadda ta bari.

Maganar mutuwar hannu gaskiya ce, ba zan ɓoye miki ba. Hukumar da ke ba ku shaidar ƙwarewa tana neman makin ƙarin ilimi 100 duk shekara biyu da sabunta jarrabawa duk shekara goma, kuma za ki iya cika wannan daga kan kujera. Takarda zai riƙe miki, ba zai riƙe miki ɗinki da saurin gane mai ciwon da zai iya mutuwa cikin awa guda ba. Bayan 'yan shekaru ba tare da sashen gaggawa ba, komawa tana wuya, kuma masu ɗaukar aiki suna tambayar yaushe rabonki. Maganinsa mai sauƙi ne idan kika shirya tun yanzu: kada ki yanke da asibitinki gaba ɗaya, ki nemi su bar ki cikin masu zuwa jefi-jefi, sau ɗaya ko biyu a wata. Amma ki duba kwantiragin sabon wurin ko ya yarda da aikin gefe, kuma a rubuta yardar, kada ki tsaya a ta baki. A ɗaya ɓangaren kuma za ki koyi abin da sashen gaggawa ba ya koyarwa: rage wa tsoho magungunan da suka yi masa yawa, kula da mai mantuwa, zama da mai jiran ajali. Amurka tana tsufa, wannan ilimin ba zai rasa kasuwa ba.

Bashin karatunki ne abin da nake tsoron ki yi sakaci da shi. Idan na gwamnatin tarayya ne kuma asibitinki na gwamnati ne ko wanda ba na neman riba ba, mai yiwuwa kina kan tsarin da ke yafe ragowar bashi bayan biya 120, wato shekara goma na aiki a irin waɗannan wurare. Kamfanin inshora na neman riba ba ya shiga wannan lissafin. Biyan da kika riga kika yi ba ya ɓacewa, amma ƙirga yana tsayawa. Idan saura miki shekara biyu ko uku, albashi iri ɗaya a takarda yana iya zama asarar dubban daloli. Ki shiga shafin bashinki ki ga adadin da aka ƙirga miki kafin ki yi kowace magana. Ki kuma tambayi asibitinki wa zai biya inshorar da za ta kare ki daga ƙarar da za a iya kawowa bayan kin tafi a kan aikin da kika yi a baya, ki tambayi sabon wurin kuɗin mai da gyaran mota, da abin da suka tanada don tsaronki ranar da kika shiga gidan da hankalinki bai kwanta da shi ba. Idan za ki riƙa duba mutane ta waya a wata jiha, sai da lasisin wannan jihar, kuma su ya kamata su biya.

Game da Baba, kada ki ɗauki maganarsa da wasa, kuma kada ki ce masa bai san Amurka ba. Yana da madogara. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta kuma amince da ta taimakekeniya. Akwai kuma malamai da suka yi sassauci a inshorar lafiya saboda larura, musamman a ƙasar da jinyar mako guda take iya talauta gida. Ni ba mai ba da fatawa ba ce. Abin da zan ce shi ne ki kai wa malami tambayar yadda take: ba sayar da inshora za ki yi ba, duba marasa lafiya za ki yi a biya ki ladan aikinki, kuma albashin da kike karɓa yanzu a asibiti ma mafi yawansa daga kamfanonin inshora da Medicare yake fitowa. Ki nemi malamin da ya zauna a ƙasar ya san tsarinta, idan da hali ki haɗa su da Baba a waya su yi magana. Ki shiga aikin da albarkarsa ya fi ki shiga yana jin kin tsallake shi.

Maigidanki kuma ki gode masa, tausayinki ne ya sa ya ce haka. Ki dai fahimtar da shi cewa aiki daga gida aiki ne. Ba za ki iya magana da mai ciwon zuciya a waya yaro yana jan zanenki ba, ga sirrin marasa lafiya da doka ta ɗora miki. Ku tsara mai kula da yaran da ɗakin da za a rufe tun kafin ranar farko.

Ki nemi su ba ki mako biyu kafin ki ba da amsa. Wurin kirki ba zai ƙi ba. A cikinsu ki yi istihara, ki duba lissafin bashinki, ki yi zaman nan da shugabar, ki ba lauya mai sanin kwantiragin ma'aikatan lafiya ya karanta miki takardar. Idan ya tabbata marasa lafiya naki ne da za ki riƙa bi, kina da ikon taɓa maganinsu, kuma kuɗin ƙarinki bai rataya a kan yawan cutar da kika rubuta ba, ki karɓa. Idan suka yi ta kewaye-kewaye a kan waɗannan ukun, ki bar musu, amma kada ki koma ki ci gaba da kwana a tsaye kamar babu wata mafita. Asibitoci da cibiyoyin kula da tsofaffi da na masu ciwon ajali su ma suna da irin wannan sashen, aikin rana ne, kuma da yawansu ba na neman riba ba ne, don haka ƙirgan bashinki zai ci gaba. Ki rubuto mini abin da suka ce.